Tukar Rake Ta Taɓa Cinye Mini Jari

Wai ka gani a waya Burazil na yin lantarki da tukar rake, to me zai hana mu ƙera murhu mai cin ta, mu riƙa kwasowa kyauta a kasuwar Mile 12? Ajiye wayar nan tukuna, yaro. Ku yaran yanzu daga kun kalli bidiyon minti biyu sai ku zama injiniyoyi.

Abin da ka gani gaskiya ne. A Burazil da Indiya da tsibirin Morishus, kamfanin suga a tsakiyar gonakin rake yake. Kowane tan na rake yana barin tuka wajen kashi ɗaya cikin uku, daga bakin injin matsa take wucewa tukunyar tururi, tururin ya juya injin, abin da ya yi saura su sayar wa gwamnati ko masu raba wuta. 'Yan Morishus ma in kakar rake ta wuce kwal suke zubawa. Ko a gida, masu mazarƙwaila a Maƙarfi da busasshiyar tuka suke dafa ruwan rake tun kafin a haifi babanka. Amma nan Legas ina gonar? Matatun suga na Apapa ɗanyen suga suke saukewa daga jirgi, tukar tana can inda aka matse ta.

Ni ma na taɓa rudewa. Wani mai gidan burodi a nan Agege, sahu ɗaya muke sallah da shi, ya zo yana kukan tsadar icce. Ya ba ni rabin kuɗin ƙera masa murhu mai cin tuka, na ciyo bashin farantin ƙarfe a kasuwar Owode Onirin. Mako uku ina kwana a shago. Na faɗaɗa cikin murhun don tuka ba ta da nauyi sai cin wuri, na ɗaga bututun hayaƙi, na sa fanka tana hura iska ta ƙarƙashin raga. Muka gwada lokacin hunturu da tukar da ta sha rana, wuta fal, burodi ya fito ja. Har addu'a ya yi mini.

Da damina ta sauka, yaransa suka riƙa kwaso ta daga bola, jiƙe sharkaf, da ɓawo da yashi, har ta fara tsami. Tukar da ta fito daga injin kamfani ma rabin nauyinta ruwa ne, balle wadda ruwan Legas ya kwana a kanta. Hayaƙi ya turnuƙe layi, burodi ya ƙone a baya cikinsa ƙulli, yashi ya narke da toka ya toshe ragar. Sai ya ce aikina ne ba kyau. Sau bakwai ina zuwa karɓar cikon kuɗina, kullum Alhaji ya fita. Ranar da na leƙa ta baya, icce na gani yana ci a murhun nawa lafiya lau. Babur ɗina na sayar na biya mai ƙarfe, shi kuwa har gobe gaishe ni yake a masallaci.

Yadda ake auna raga da haɗa bututu ba zan tsaya ɓata bakina ba, shekararka biyu a nan. Gobe ka je ka cika buhu da tukar, ka ɗora a sikeli, ka shanya ta kwana huɗu a kan rufin shago ka sake aunawa. Kuɗin mota kuma daga aljihunka.