Amsa: yadda za ka haddace sinadarai da kati

Ɗan'uwa, ka ce ka yanka kati ɗaya ga kowane sinadari, su 118, kana bita amma washegari sai su gudu. Yawanci tsarin katin ne ke jawo haka.

Da farko rage kaya. Fara da 20 na farko, daga haidirojin zuwa kalsiyam, kati biyar sababbi a rana. Kowane kati ya ɗauki tambaya guda. Idan ka cusa suna da alama da lambar atom da nauyi a fuska ɗaya, ido ne zai saba da su, ranar jarrabawa kuma ka kasa fito da ko ɗaya. Rubuta Na a gaba, sodiyam a baya. Wani katin daban: sodiyam a gaba, 11 da jerin ilektron 2, 8, 1 a baya. Kada ka juya kati sai ka faɗi amsar da bakinka. Nan ne aikin yake, kuma nan mutane ke yi wa kansu ha'inci.

Wajen bita bi tsarin da Bajamushe Sebastian Leitner ya fitar a 1972. Samu akwati uku: na farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Wanda ka ci ya matsa gaba, wanda ka kasa ya koma na farko ko da ya kai na uku. Ka riƙa cakuɗa su, in ba haka ba jerin za ka haddace kamar waƙa, a tambaye ka na 14 sai ka faro daga ɗaya kafin ka iso silikon. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta, amma rubutun hannu ya fi mini ga mai farawa.

Hoto kuwa ka zana wanda ke da alaƙa da sinadarin da gaske. Sodiyam harshen wuta rawaya, don haka yake ci a wuta. Hiliyam balan-balan. Zaiba ɗigon ruwa mai sheƙi, tunda ita da buromin ne kaɗai ruwa a zafin ɗaki. Launi ɗaya ga kowane rukuni, wato sinadaran da ke layi ɗaya na tsaye a jadawalin sinadarai (periodic table), kada ka sauya.

Masu wahalar gaske su ne waɗanda alamarsu ta fito daga Latin: Fe ƙarfe, Au zinare, Ag azurfa, Pb dalma, Sn kuza, K fotasiyam. Haka Mg da Mn, magnisiyam da manganis. Ajiye su gefe da gefe har sai ka bambance su. Lura da ƙaramin harafi ma: Co kobalt ne, CO kuwa kabon monoksaid ce, iskar nan mai kisa.

Abin da kati ba ya koyarwa shi ne mazaunin sinadari a jadawali. Sau ɗaya a mako zana jadawalin babu komai a ciki, ka cike shi da ka, sannan ka mayar da katunan gurabun da ka bari fayau akwatin farko.