Hajiya mai alale a Farin Gada, ga amsar tambayarki kan leda

Wata baiwar Allah ta turo min saƙo, tana sayar da alale da shinkafa da miya a Farin Gada nan Jos, tace wani kastomanta ɗan jami'a ya gaya mata dafa alale a leda yana kawo cuta, shine take tambaya wai gaskiya ne, kuma in ta daina ledar ba ribar ce zata tafi ba?

Hajiya, yaron nan bai yi miki ƙarya ba. Akwai wasu sinadarai da ake kira fitalet, ana zuba su a cikin roba mai tauri irin PVC don tayi laushi ta dinga lanƙwasuwa, to matsalar ita ce basa kama jikin robar da kyau, a hankali suke fita su shiga abinci, kuma zafi da maiƙo su suka fi jawo su, kinga kuwa alale ga tafasa ga manja, duk ya haɗa. An gano suna rikita sinadaran jiki masu kula da girma da haihuwa, an fi jiyewa masu ciki da ƙananan yara, shiyasa Tarayyar Turai ta haramta wasunsu a kayan wasan yara a 2005, Amurka ma ta biyo baya a 2008.

Gaskiya farar ledar da kike ƙullawa yawancinta ba PVC bace, amma ba don a tafasa ta a tukunya aka yi ta ba, kuma baki san wa ya haɗa ta ba balle me ya zuba. Baƙar leda kam kar ma ta taɓa abinci mai zafi, galibi tsohuwar roba ce aka sake narkawa.

Yanzu maganar kuɗi, wadda nasan ita ta fi damunki. Leda tana miki kamar araha ne saboda kaɗan-kaɗan kike saye, amma kullum sai kin saya. Ki zauna ki haɗa kuɗin ledar wata uku, ki je Taminus ki tambayi farashin ƙananan kofunan silba dozin biyu ko uku, su sau ɗaya zaki saya kiyi ta wankewa kina dafawa. Ba sai kin canza duka rana ɗaya ba, ki fara da rabin tukunya. Ganyen ayaba ma yana yi, har ƙamshi yake ƙarawa alale.

Masu tafiya da abinci gida kuma ki juya robar tekawe ki duba gindinta, mai lamba 5 tafi jure zafi, mai lamba 3 ita ce PVC ki barta. Farar mai kama da soso ɗin nan kar ki tara ta da yawa a shago, Legas ta hana amfani da ita tun Janairun 2024, kar nan ma a hana ki yi asara. Nasan da sanyin Jos kowa abinci yake so da tururinsa, amma ki bari miyar ta ɗan huce kafin ki zuba, wanda yazo da kular gidansa ki ɗan yi masa gyara.

Kuɗin robar kuma kar ki cire shi daga ribarki, ki ɗora shi daban ki faɗawa kastoma dalili, ɗan jami'ar nan ma ki fara da shi, kice ya gayawa abokansa alalenki yanzu a kofi ake dafawa.