Janar Charles Brown: Daga Kujerar Matuƙi Zuwa Hafsan Hafsoshin Amurka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji labarin wani baƙar fata, Janar Charles Brown, wanda Shugaba Trump ya sauke daga shugabancin sojojin Amurka. An ce sojan sama ne. To yaya ake kiransa Janar, alhali a nan gida Air Marshal muke ji? Kuma ta yaya ya kai wannan matsayi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Batun suna ba shi da wuya, mu fara kawar da shi. Rundunar sojan saman Amurka daga cikin sojan ƙasa ta fito, sai a 1947 ta zama mai cin gashin kanta, ta kuma tafi da sunayen muƙaman gidansu: Kyaftin, Manjo, Kanar, Janar. Najeriya kuwa tsarin Ingila ta bi, inda sojan sama ke da nasu sunaye. Janar mai tauraro huɗu a can daidai yake da Air Chief Marshal a nan.

Shi Brown an haife shi a 1962 a San Antonio ta jihar Texas, ɗan soja ne, mahaifinsa ya kai Kanar a sojan ƙasa. Bai bi ta makarantar horar da hafsoshi irin tamu ta NDA ba. Injiniyan gine-gine ya karanta a Jami'ar Texas Tech, yana karatu yana karɓar horon soja, ya gama a 1984, daga nan ya koyi tuƙin jirgin yaƙi samfurin F-16.

A watan Janairun 1991 saura ƙiris labarin ya ƙare tun bai fara ba. Jirginsa ya kama da wuta a sararin Florida, dole ya ja igiyar da ke cilla matuƙi waje da kujerarsa, laima ta sauke shi a tsakiyar fadamar Everglades, mazaunin kadoji. Ya fito duk jikinsa taɓo. Matuƙan yaƙi ba sa barin irin wannan ta wuce a banza, nan take suka laƙaba masa Swamp Thing, wato dodon fadama, sunan kuma ya bi shi har ya zama Janar.

In ka tambaye ni inda ƙofa ta buɗe masa, zan ce Makarantar Makamai da ke sansanin Nellis a Nevada. Can ake tara zaratan matuƙa a koya musu dabarun da za su koma su koya wa 'yan'uwansu. Brown ya koyar a wurin, daga baya ya dawo ya shugabanci makarantar gaba ɗaya. A wannan aiki iya tuƙi kaɗai ba ya kai mutum Janar, matuƙa nagari sun yi yawa. Ana duba wa aka taɓa damƙa wa mutane da jirage bai yi ɓarna ba. Shi an ba shi rundunar jiragen yaƙi a Kunsan ta Koriya ta Kudu, an ba shi wata a Aviano ta Italiya. Jimillar awoyin da ya yi a sama sun haura 3,000, daga ciki 130 a fagen fama.

Daga 2015 zuwa 2016 shi ne kwamandan sojan saman Amurka a Gabas ta Tsakiya, lokacin da ake luguden wuta kan ISIS a Iraƙi da Siriya. A ganina nan ne ya fi riƙe iko na zahiri, domin jiragen da ke tashi kullum da umarninsa suke tashi. A 2018 ya samu tauraro na huɗu, aka ba shi jagorancin sojan saman yankin tekun Pasifik.

Duniya ta san shi a watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sandan Amurka. Ya zauna gaban kyamara sanye da kakinsa, ya ba da labarin yadda yakan tsaya da kayan tuƙi iri ɗaya da na abokansa, da tambarin fuka-fuki a ƙirji, amma wani soja ya dube shi ya tambaya wai shi ma matuƙi ne. 'Yan kwanaki bayan haka Majalisar Dattawa ta amince da shi a matsayin babban hafsan sojan sama da ƙuri'a 98, babu ko ɗaya da ta ƙi. Shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci wani reshe na sojan Amurka, kuma abin da mutane ke mantawa, Trump ɗin ne ya zaɓe shi.

Biden ya ɗaga shi zuwa shugaban majalisar hafsoshi, ya kama aiki ranar 1 ga Oktoban 2023, baƙar fata na biyu bayan Colin Powell. Sai dai ka gyara abu ɗaya a tambayarka: mai wannan kujera ba ya ba sojoji umarnin yaƙi. Tun wata doka da aka yi a 1986, umarni daga shugaban ƙasa yake zuwa ga sakataren tsaro, sannan ga kwamandojin yankuna. Aikinsa shawara ne, shi ya sa zamansa ya dogara da yardar wanda yake ba shawarar.

Wa'adin kujerar shekara 4 ne, amma ranar 21 ga Fabrairun 2025 Trump ya sanar da sauke shi. Sanarwar ta gode masa kan hidimar fiye da shekara 40, ba ta ambaci laifi ba. Amma tun kafin ya zama sakataren tsaro, Pete Hegseth ya fito fili ya ce a kore shi, yana zarginsa da fifita shirye-shiryen daidaita jinsi da launin fata a cikin soja. Wanda ya gaje shi, Dan Caine, shi ma matuƙin F-16 ne, mai tauraro uku da ya riga ya yi ritaya, aka dawo da shi bakin aiki aka ƙara masa na huɗu.