Amsoshin Wasiƙunku: Baƙin Man da Ke Cinye Inji a Ɓoye

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu sun taru wannan makon. Bari in fara da wadda ta fi kowa shiga damuwa.

Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto: "Ina da Corolla ƙirar 2006, da kuɗin adashi na saye ta. Kwana uku ke nan wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban sitiyari. Motar tana tafiya lafiya lau, amma ni barci ya ƙaurace mini, domin wani ya ce injin ne zai buga."

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Wanda ya faɗa miki haka ya tsorata ki ne a banza. Wannan fitila kwamfutar mota ce ke sanar da ke ta ga wani abu ba daidai ba, kuma sau da yawa abin ƙarami ne: murfin tankin mai da ba a ɗaure sosai ba, ko fulogi da ya gaji, ko 'yar na'urar da ke auna hayaƙi a jikin salansa. Tunda fitilar a tsaye take ba ta ƙiftawa, motar kuma ba ta karkarwa, je ki makaranta ki dawo abinki. Amma cikin satin nan ki kai ta wurin mai duba mota da kwamfuta. Akwai wani soket a ƙarƙashin sitiyari, duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi. Zai jona na'urarsa, harafi ɗaya da lambobi huɗu su fito. Ki rubuta su a takarda da hannunki kafin ya goge. Kada ki yarda a cire kan batir don fitilar ta mutu, wannan rufe ciwo ne da tsumma. Abin da za ki ji tsoro biyu ne: in fitilar nan ta fara ƙiftawa, ko kuma jar fitila mai kama da 'yar buta ta kama kina cikin tafiya. In kin ga ja, ki gangara gefen titi ki kashe mota nan take, ko da gida ya rage taku goma. Allah ya sa ki more ta.

Wani saurayi daga Gusau ya ce Golf ɗinsa tana zafi, bakanikensa ya ce ya cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗumama, ya jona fanka kai tsaye, wai tamostat na ƙasashen sanyi ne.

Na amsa wannan tambaya ya fi a ƙirga, kuma ta fara isata. Malam, motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da tamostat suke zuwa, can kuwa ba a fi mu sanyi ba. An yi inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In ka cire tamostat, da safe injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ɗura masa fetur, kai kuma ka san abin da lita ta koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ciwon motarka yana wani wuri. Duba lagireto ko ya toshe da laka da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, duba murfinsa ko robar ta mutu, duba fanka da famfon ruwa. Kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi, na ga hannuwan da suka saluɓe ta haka.

Sai wani direban Sharon da ke jigila tsakanin Kano da Katsina. Ya ce ya sami mai sayar da baƙin mai a bakin hanya, galan iri ɗaya sak da na gidan mai, amma kusan rabin kuɗi. Mai kayan ya ce masa gwanjon kwastan ne. Yana tambaya ko ya sayi katan guda ya ajiye.

Ɗan'uwa, kada ka saya, ko galan ɗaya. Zauna in ba ka labarin abin da na gani da idona.

Kwanakin baya aka jawo mini wata Camry ƙirar 2008 da igiya. Mai ita dattijo ne mai kula da kayansa, ya rantse mini ba ya wuce lokacin juye. Da muka kwance murfin saman inji, ni da yarana muka yi cirko-cirko. Babu alamar mai a ciki, sai wani baƙin abu daskararre kamar kwalta, da sukudireba muke ƙwaƙulo shi yana fitowa gutsi-gutsi. Muka sauke kaskon ƙasa, rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe gaba ɗaya, ko haske ba ya ratsa ta. Metal ɗin da babban sandan inji, wato karanshaf, ke juyawa a kansu sun cinye, shi kansa karanshaf ɗin ya yi zane-zane. Na tambaye shi ina yake sayen mai. Ya ce shi dai kuɗi yake bai wa yaron gareji ya je ya sayo, shi kuma ya tafi masallaci ya dawo ya tarar an gama. Kuɗin da ya kashe a kan inji ɗan Beljiyam zai yi masa juye na shekaru da mai na gaskiya. Sai da ido ya ciko masa da ya ji lissafin, ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Ka taɓa tambayar kanka ina tsohon man da ake juyewa a gareji yake zuwa? Wani kaso kafintoci ke saye su shafa wa katakon rufi don gara, wannan ba laifi. Amma akwai masu yawo da jarkoki suna tara shi, su bar shi ya kwanta, su tace, su gauraya da ɗanyen mai mara sinadari har launinsa ya yi kyau. Su ne kuma ke bin gareji-gareji suna sayen galan da babu komai a ciki. Me mutum zai yi da galan fanko har ya biya kuɗi mai kauri a kansa? A ciki za a ɗura, a manna sabon murfi, a jera maka a bakin titi. A ido mai ne. Abin da babu a cikinsa shi ne sinadaran da ke wanke inji, da masu hana ƙarfe cin ƙarfe, da masu hana shi tsinkewa in zafi ya yi zafi. Kuma mugun abin ba ya nuna kansa da wuri. Wata uku, wata shida mota na tafiya, kana murna ka yi dabara, ashe tana mutuwa a tsaye. Ranar da za ta buga, a tsakiyar hanya za ta buga, da fasinja cike da mota.

Mutanenmu suna ba ni mamaki a nan. Mutum zai kashe kuɗi a kan fitilu masu walƙiya da labulen gilashi da lasifika, amma in an zo kan lita 4 na man da ran injinsa ke rataye a kai, nan ne zai tsaya ciniki har da rantsuwa. Araha ba ta ado, a inji kuwa kashewa take yi.

Abin da nake so ka yi ke nan. Ka je da ƙafarka gidan man kamfanin da ya yi man, ko wurin dilansu da aka sani, ka saya. Duba murfin ko an taɓa karya shi, duba lambar da aka buga a jikin galan ko ta dishe ko ta karkace. Amma kada ka dogara da idonka kaɗai, masu jabu sun ƙware ƙwarai, don haka wurin da ka saya da farashin da aka faɗa maka su ne manyan shaidu. Ka tsaya a kan motarka har a zuba. In an gama, ka sa wuƙa ka farke galan ɗin kafin ka jefar, kada gobe a cuci wani da shi. Filtar mai ma ana yin jabunta, wata in ka yanka ta ba ka samun komai sai 'yar takarda kamar ta kunshin ƙosai, don haka ita ma a wuri ɗaya za ka saye ta da man.

Sannan a daina cewa mai kauri shi ne mai kyau. Ba kowace mota ke shan mai kauri irin 20W-50 ba. Injinan Toyota masu VVT-i da na Honda na bayan nan hanyoyin man cikinsu sirara ne, da yawa 5W-30 ko 5W-20 aka rubuta musu, wani lokaci ma a kan murfin da ake zuba man. Karanta abin da aka rubuta wa taka ka bi. A ƙurarmu da zafinmu, kai da ke kan hanya kullum, kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi juye ba. Ka riƙa zaro sandar geji kowace safiya kafin lodi. Masu Camry 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 su ma su ji wannan, domin an san injin da shan mai ko da na gaskiya aka zuba masa.

Wani magidanci daga Jos zai kai iyalinsa Maiduguri, kuɗin sababbin taya huɗu ya fi ƙarfinsa, yana tunanin tokumbo.

Alhaji, na fahimci halin da ake ciki, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka ɗauki yara. Kada zanen taya ya ruɗe ka, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kamfanin Michelin da kansa ya ce in taya ta kai shekara 5 a riƙa dubata duk shekara, in ta kai 10 a cire. A kwaltarmu mai zafi ni ba na kai wa nan. In ka ga tsage-tsage a gefe, ko ƙullutu, ko faci a kafaɗarta, bar musu kayansu. In da hali, gara sababbi biyu yanzu, biyu in an sami sarari. Kuma ka hana mai faci ya ɗura maka iska 45 ko 50. Awon motarka yana manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35, a auna da safe taya na da sanyi. Allah ya kai ku lafiya.

Na ƙarshe, mai DAF da ke lodi daga Dawanau zuwa Legas ya ce tun shigowar hunturu motar ke baƙin hayaƙi, ba ta jan tudu, yana so ya kai nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin inji, a gyara.

Dakata tukuna, ba a fara da mai tsada. Baƙin hayaƙi a motar gas yawanci iska ce ta yi kaɗan ko mai ya yi yawa. Ciro matatar iska ka gani, ƙurar hunturu ta isa ta shaƙe ta. In za a hure ta, daga ciki zuwa waje, a hankali, kuma ka hana yaron mota buga ta da taya, yana fasa takardar ne ƙura ta wuce inji kai tsaye. Duba robobin da suka taso daga tabo (turbo), wato na'urar da ke tura iska cikin inji, ko ɗaya ya tsage yana zubar da iska. Canja filtar gas, ka tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta. In ka yi duk wannan hayaƙin bai ragu ba, sannan a je ga nozul. Rubuto mini ka faɗa mini ƙirar motar da inda direbanka yake shan gas a hanya.