Zan sayar da Fijo 404 a-kori-kura ta mahaifinmu, ta yaya zan gane ko injinta na asali ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana tsohuwar Fijo 404 a-kori-kura mai shan fetur, wadda ya yi shekaru yana ɗaukar hatsi da ita zuwa kasuwar Funtuwa. Ta kai shekara tara a ajiye a ƙarƙashin rumfa. Wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya taya, amma ya ce sai ya tabbatar injin da ta fito da shi daga kamfani ne a cikinta. Yayanmu ya ce ba a taɓa canza shi ba, tsohon direbanta kuma ya ce an canza. 'Yan gwangwan su ma sun zo sun yi tayinsu. Ta yaya zan gane gaskiya, kuma me ya kamata in yi kafin mu sallama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin komai, ka sallami 'yan gwangwan da fatar baki. Su ƙarfe suke saye da kilo, kuma ranar da suka ɗora mata wuta sun yanka, shi ke nan an rage 404 guda a ƙasar nan. Ni da na yi ƙuruciyata a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, ganin haka yana yi mini ciwo.

Tsakanin yayanku da direba, zuciyata ta fi karkata ga direba, don shi ne ke kwana a gareji idan mota ta lalace. Amma kada ka kafa ciniki a kan maganar kowa. Injin da kansa zai ba da shaida.

Sai dai mu fara daidaita abin da ake nufi da "na asali". Injin 404 yana da hannun riga, wato silindar da fistin ke hawa da sauka a cikinta zare ta ake yi a sa sabuwa. Saboda haka motar da ta yi shekara arba'in tana aiki, da wuya a ce ba a canza mata hannun riga da fistin da ringi ba, wataƙila ma sau uku ko huɗu. Kafireta da distiributa da kan inji duk ana canzawa. Wannan gyara ne, ba canjin inji ba. Abin da masu tara tsofaffin motoci ke kira injin asali shi ne gangar injin, wannan babban ƙarfen zubi da komai ke ɗaure a jikinsa. In ganga ita ce wadda kamfani ya saka, inji na asali ne ko da duk kayan cikinsa sabbi ne. Yana yiwuwa ma a nan saɓanin yayanku da direba yake, ɗaya yana maganar ganga, ɗaya yana tuna ranar da aka sauke inji aka yi masa babban aiki.

Ka ɗaga bonet ka nemi ƙaramin farantin ƙarfe na kamfani da aka kafe a jikin bodi. A kansa za ka ga samfurin motar da lambar shasi. A-kori-kurar 404, wadda kamfanin Peugeot (Fijo) ya fara fitarwa a 1967, shekara bakwai bayan fitowar ƙaramar motar, galibi za ka ga an rubuta mata U8 ko U10, in kuma da harafin D to da injin gas ta fito. Wannan kaɗai yana iya yanke gardama. Idan faranti ya nuna ta gas ce ga shi kuma fetur take sha, an gama magana, an canza. Injin gas ɗinta ƙirar Indenor ne mai cc 1948 (cc ma'aunin girman inji ne), kuma ba ya ɓuya, famfon gas gare shi, babu fulogi babu kwayil.

Daga nan sai lambar inji. Injin fetur na 404 a kishingiɗe yake, ya karkata zuwa dama da digiri 45, don haka gefen hagu ne ke buɗe a gabanka. Ka bi jikin gangar ta nan, musamman kusa da ƙafar da ke riƙe inji, ka nemi wuri mai sulɓi da aka daidaita da na'ura aka buga lambobi a kai. Kada ka rikita su da lambobin da suka taso sama a jikin ƙarfen. Waɗancan na wurin zubi ne, ganguna dubbai suna ɗauke da iri ɗaya. Taka ita ce wadda aka buga ta nutse ciki.

A nan nake roƙonka ka yi haƙuri, don a nan mutane ke yi wa kansu ɓarna. Za ka tarar da wurin ya toshe da baƙin mai da ƙasa. Kananzir da tsumma da tsohon buroshin haƙori sun isa. Kada ka bar yaron gareji ya kawo injin gurza ƙarfe ko takardar gurza, domin lambar ba ta da zurfi, minti ɗaya ya ishe shi ya shafe ta, sannan ya bar maka tabon da zai sa duk wanda ya gani ya ɗauka injin sata ne. In ta fito dishi-dishi, ka goga alli ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan. Ka haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba, ka ɗauki hoto. Ka kuma ɗora farar takarda ka goga fensir a kai, ka ajiye.

Sai ka koma akwatin Baba. Takardar da aka sabunta bara ko shekara goma da suka wuce ba ta da nauyi sosai, don ana kwafe kuskure daga shekara zuwa shekara, wani lokaci ma a gyara lamba bayan an canza inji. Mafi tsufa kake nema: rasit ɗin sayen farko, lasin na farko, takardar kwastan in shigo da ita aka yi. Idan lambar inji da ke kan takardar farko ta yi daidai da ta jikin ganga, lambar shasi ma ta dace da faranti, to ka samu hujjar da babu mai ture ta. Idan ka tarar da wurin lambar fayau babu komai, mai yiwuwa sabuwar ganga aka saya daga kantin kayan gyara. Idan kuwa wurin ya lotsa, ko ka ga sawun gurza, an taɓa shi. Karkacewar lamba ɗaya ba ta isa zargi ba, fuskar ƙarfen za ka duba.

In takardun sun ɓata, akwai sauran hanya, ko da yake ita tana iya ƙaryatawa ne kawai, ba ta iya tabbatarwa. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, 504 ta cika ƙasar nan, injinta kuma ɗan gida ɗaya ne da na 404, yana zama a gurbinsa ba tare da wahala mai yawa ba. Duk wanda injinsa ya buga sai ya nufi Panteka ko Ƙofar Ruwa ya ɗauko na 504, ya ƙara ƙarfi ma. A ido kamar tagwaye suke, a awo ne suke rabuwa. Injin 404 da aka fi sani mai cc 1618 ne, faɗin silindarsa milimita 84, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa milimita 73. Akwai ƙaninsa mai cc 1468, faɗi 80, tafiya 73. Na 504 mai cc 1796 faɗinsa 84 ne amma tafiyarsa 81, mai cc 1971 kuma faɗi 88, tafiya 81. Ka ga ke nan tafiyar fistin ita ce mabuɗi: 73 gidan 404, 81 gidan 504. Makanike mai natsuwa zai cire fulogi ya zura tsaftatacciyar waya mai ƙarfi, ya juya inji da hannu, ya yi alama a sama da ƙasa. Awon ba zai fito cif ba, amma tazarar milimita 8 ba ta ɓuya. Ka dai sani cewa a-kori-kurar 504 ma ta fito da mai cc 1618, kuma ana iya ciro inji daga wata 404 ɗin, don haka samun 73 bai ce naku ne na asali ba.

Idan wani ya ce sai an buɗe kan inji, ka tabbatar ya san Fijo. Muddin aka ɗage kai aka juya inji ba a danne hannun riga ba, sai su motsa daga mazauninsu, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Na ga injin lafiyayye da aka lalata ta haka don kawai a leƙa cikinsa. Haka kuma bayan shekara tara a ajiye, kada a kawo batir a murza makulli. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, a juya da sifana a hankali. In ya juya, wannan kansa abin faɗa wa mai saye ne.

To in ta tabbata an canza fa? Kada gabanka ya faɗi. Farashi zai ɗan sauka a wurin mai neman komai na asali, amma abin da ke da wuyar samu a 404 yau shi ne shasi miƙaƙƙe da ba a taɓa yi masa walda ba, da bodin da tsatsa ba ta cinye ba. Inji ana samu, bodi ba a samu. Ka shiga ƙarƙashinta ka duba inda sifirin na baya ke kamawa, don nan ne lodin buhuna ke fasawa, ka ɗaga tabarmar ƙasan direba, ka duba gindin ƙofofi. Motar da ta rayu a busasshiyar ƙasa irin tamu tana da fifiko a nan kan wadda ta sha iskar teku. Kuma kada ka yi mata sabon fenti don ciniki, mai sayen irin wannan ya fi son ya ga fatarta ta gaskiya, sabon fenti zargi yake jawowa. Wanki ya isa. Duk wani tsohon ƙarfe nata da ke cikin shago, kafireta ko fitila ko tambarin zaki, ka tattara. Ka tambayi direban inda aka kai tsohuwar gangar, wani lokaci tana nan a bayan gida an kife ta ana zama a kai.

Za a samu wanda zai raɗa maka cewa yana da mai buga lamba, a mayar da ita daidai da takarda. Kada ka saurare shi. Algus ne a ciniki, laifi ne a hukuma, kuma masanin mota zai gane. In lambar ganga ta saɓa da takardun yanzu, ka je ofishin lasin na jiharku a gyara kafin a yi canjin mallaka, don kada a tare mai saye a hanya magana ta dawo kanku.

Tunda kuma motar gado ce, kada ka karɓi ko kafin alƙalami sai duk magada sun amince, har da mata da waɗanda ke nesa. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi, da lambar inji kamar yadda take a jikin ganga, a faɗi a fili ko na asali ne, ko an canza, ko ba a tabbatar ba, shaidu biyu su sa hannu. In ka samu hoton farantin da na lambar gangar, ka turo mini in duba maka su kafin ku zauna da mai sayen.