Amsa kan maganar shuɗin wata

Ɗan'uwa, ka tambaya wai da gaske ne wata yana komawa shuɗi, kuma me ya sa ake cewa ba kasafai ake ganinsa ba. To gaskiya ba maganar launi ba ce, suna ne kawai Turawa suka sa masa. Abin da ake nufi shi ne a samu wata ya cika sau biyu a cikin wata ɗaya na kalandar miladiyya, to cikar ta biyun ita ake kira shuɗin wata.

Dalili kuwa lissafi ne, daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne, su kuma watannin miladiyya ban da Fabrairu kwana 30 ne ko 31, to in ya cika ranar 1 ko 2 ga wata zai iya sake cika kafin watan ya ƙare. Kusan duk bayan shekara biyu zuwa uku ake samu. A 2018 ma sau biyu aka yi, Janairu da Maris, Fabrairu kuwa ko sau ɗaya bai cika ba saboda gajartarsa. A kalandar Hijira kam ba zai taɓa faruwa ba tunda da watan kansa ake ƙirga.

Amma fa an taɓa ganinsa shuɗi na gaske, wannan ne ya fi burge ni wallahi. Bayan dutsen Krakatoa na Indonesiya ya yi aman wuta a 1883, tokar da ta cika sararin sama ta tare jan haske, mutane suka riƙa ganin wata shuɗi-shuɗi.