Layar Zana a Kwamfuta: Amsoshi ga Masu Gajerun Fina-finai

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu ɗaya, wato siddabarun da ake ƙara wa fim a kwamfuta bayan an gama ɗauka. Na zaɓi uku.

Wani matashi daga Mabera ya rubuto: "Malam, ranka shi daɗe. Mu biyar muka yi karo-karo za mu yi fim na minti goma. Akwai wurin da boka zai ɓace da layar zana, da wurin da wuta za ta tashi a tafin hannunsa. Waya kaɗai gare mu. Kyamara za mu saya ko laftof?"

Ƙanena, ku bar zancen kyamara tukuna. A 2019 duniya ta san matasan nan na Kaduna, Critics Company, kuma da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle (wanda ake kafawa a bayan ɗan wasa, a cire shi a kwamfuta a sa hoton wani wuri) da manhajar Blender suka yi fina-finan da suka fito da su. Abin da za ku fara saya shi ne ƙafar kyamara mai ƙafa uku, mai nauyi, wadda iska ba ta kaɗawa, da maƙalin waya.

Ga dalili. Ɓacewar boka ba a kwamfuta ake yinta ba, a wurin ɗauka ake gama ta. Ku kafa wayar, ku kulle haskenta da saitin idonta don kada ta riƙa gyara kanta. Ku ɗauki boka yana surkullensa, sannan ya fice, ku ci gaba da ɗaukar wurin babu kowa na daƙiƙa goma, kada wanda ya taɓa wayar ko da da gefen riga. Wajen tacewa sai a haɗa biyun, ko manhajar CapCut ta waya tana iya wannan. Amma ku yi hanzari tsakanin ɗaukar farko da ta biyu, don inuwa ba ta jira. In kuka tsaya gardama na minti goma, inuwar bango ta gusa, mai kallo zai ga ta yi tsalle. Ku kuma guji sa dogonyaro a bayansa ranar da ake iska.

Wutar hannu kuwa, inda yawancin yaranmu ke faɗuwa ke nan. Suna liƙa hoton wuta a tafin mutum, fuskarsa da rigarsa ko alamar haske babu, sai ta fito kamar sitika a bayan Keke Napep. Ku sa wani ya tsuguna a gefe da tocila, ya rufe bakinta da leda mai ruwan lemo, yana ɗan girgiza ta a fuskar bokan. Wannan hasken ne zai sa ido ya yarda da wutar da za ku ƙara daga baya.

Ragowar kuɗin ku zuba a laftof, ko da ta hannu ce. Ku nemi ram (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) gigabait 16, ma'ajiya irin SSD, da katin hoto mai zaman kansa, kamar na NVIDIA mai gigabait 4 ko fiye. Kada tambarin Core i7, wato sunan injin da ke cikin laftof, ya ruɗe ku. Wadda lambarta ta fara da 4, kamar i7-4600U, tun 2013 aka yi irinta. Ni ma na taɓa sayen wata don ganin tambarin, ta yi mini lafiya lau a lokacin sanyi, da Afrilu ta shigo zafi ya haura digiri 40 sai ta koma kashe kanta a tsakiyar aiki. Kafin ku biya, ku sa ta aiki mai nauyi na minti ashirin a gaban mai shagon, ku saurari fankarta, ku taɓa gindinta. In kun kai gida a ɗaga ta daga kan katifa, a riƙa sa ta aikin haɗa fim ta fitar da shi da dare ko bayan Asuba, a kuma kai ta a busa mata ƙura idan hunturu ya wuce.

Wata ɗaliba daga Runjin Sambo ta tambaya: "Na ga koren ƙyalle na ƙwararru a intanet, da tsada. Ko yadin babbar kasuwa zai yi?"

Zai yi, Malama. Ki nemi yadin auduga marar ƙyalli, kore shar, launi ɗaya. Shadda da satin ki bar su, sheƙinsu ne matsalar. Ki goge shi, ki ɗaure shi ya miƙe tsam, domin duk wata tamoji inuwa ce, kwamfuta kuma tana ganin inuwa a matsayin wani launi daban. Ki kafa shi a inuwa mai haske, ba a tsakar rana ba, ɗan wasa ya tsaya kamar mita biyu daga jikinsa. In ya matsa kusa, koren zai haska a gefen fuskarsa da farar rigarsa, ki kwana kina gogewa.

An zaɓi kore ne don ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma idon yawancin kyamarori yana da ƙwayoyin ganin kore ninki biyu na ja ko shuɗi. Idan kayan 'yar wasa kore ne, sai ki koma shuɗin yadi. Abin da zai fi ba ki wahala shi ne mayafi shara-shara, don koren yana ratsa shi. A wannan fitowar ki sa mata hijabi mai kauri. Wani abu kuma: waya kan sauya yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, sai murya da baki su saɓa a kwamfuta. Ki bi da bidiyon ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ki daidaita shi kafin ki fara tacewa.

Ta ƙarshe daga Wamakko: "Wani ya ce zai sa mini After Effects na sata a kuɗi kaɗan. In karɓa?"

A'a, ɗan'uwa. After Effects manhajar siddabarun fim ce ta kamfanin Adobe: na halal ɗin haya ce da ake ta biya, na satar kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, ga haƙƙin mutane. Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve kyauta ce, tana fitar da fim har 4K, kuma a cikinta akwai sashen Fusion na cire kore da bin motsi. Mai kuɗin, Studio, dala 295 ce biya ɗaya, kuma ba ka bukatarta yanzu. Fusion za ta ba ka haushi a makon farko, don akwatuna ake jonawa da zare maimakon jera hoto bisa hoto. Saukar da ita ya haura gigabait 2, saboda haka ka sayi datar dare, ko ka je da filas wurin wanda ya riga ya sauke.